Indisis da log: lissafin ninki da ake haddacewa ba a gane ba

Duk wanda ya zauna ajin SS1 a makarantun nan namu na Katsina, na gwamnati ne ko na kuɗi, ya san inda yara ke fara raba gari da mas. Ba a firamare ba ne, ba kuma a JSS ba, ranar da malam ya juya ya rubuta indisis (lissafin ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa bisa wata lamba) bisa allo ne, kafin a gama narkar da shi kuma ya ɗora log a kai. Daga nan rabin aji sun sallama, sai hadda kawai don a samu kiredit a WAEC ko NECO a wuce wurin. Ni kau ban yarda matsalar ƙwaƙwalwar yaran ba ce. Kanmu ne gaba ɗaya ya saba da lissafin ƙari, biyar da biyar goma, a ƙara biyar sha biyar, alhali akwai abubuwa da yawa kewaye da mu da ba ta ƙari suke tafiya ba, ta ninki suke tafiya, irin su farashin kaya da yawan jama'a da bashi mai ruwa da annoba. Eksponenshiyal shi ne lissafin wannan ninkin. Log kuma tambaya ce ƙwaya ɗaya tal: sau nawa aka ninka? Duk dokokin nan da ake sa yara haddacewa daga nan suka fito.

A ce wani Alhaji mai shago a Ƙofar Ƙaura ya kira yaronshi ya ce mashi zaɓi ɗaya, ko in riƙa ba ka naira 100,000 kullum har kwana 30, ko kau in ba ka naira 1 yau, gobe 2, jibi 4, gata 8, kullum ninkin ta jiya. Kusan kowa wuf zai yi ya ɗauki dubu ɗarin, miliyan 3 ce fa cif ƙarshen wata, kuma in ka dubi kwanakin farko sai ka ce ya yi wayo, don ranar 10 mai ninki naira 512 kacal zai karɓa, ranar 15 ma 16,384 ne, sai ranar 18 sannan abin da zai karɓa a yini ya haura dubu ɗari. Ranar 21 in aka tara duka, mai ninki na da 2,097,151 ɗayan na da 2,100,000, kusan kunnen doki. Daga nan fa zance ya ƙare. Ranar 30 ita kaɗai 536,870,912 zai karɓa, jimillar watan ta wuce biliyan 1. Kuma ka lura da wani abu, kowace rana abin da yake karɓa ya fi duk abin da ya tara tun daga ranar farko har jiya da naira ɗaya. Shi ya sa abu mai ninki ke mamayar mutane, ya daɗe kamar ba ya motsi, randa ka farga kuma ya riga ya wuce ka.

A rubuce wannan shi ne y = 2^x. Lambar ƙasa, 2 ɗin, ita ce bes, wato abin da ake ninkawa da shi. Ta sama, x ɗin da ke bayan alamar ^, ita ce fawa, wato sau nawa. Yara na yawan haɗa 2^x da x^2 su ɗauka abu ɗaya ne tunda duk 2 ne da x, kuma lambobin farko na taimaka ma ruɗanin, don a x = 2 duk 4 ne, a x = 4 duk 16 ne, a 3 ma x^2 ne ke gaba, 9 da 8. Amma je ka 10 ka gani, 100 ne da 1,024. A 20 kuma 400 ne da 1,048,576. In x na ƙasa ba eksponenshiyal ba ne komi girman fawar, sai x ya hau sama. Ko x^100 ka kawo, 2^x zai kamo shi ya wuce, lokaci ne kawai.

To dokokin fa? Ƙirga ne kawai wallahi. 2^3 biyu ne guda uku a jere ana sau ɗinsu, 2^4 guda huɗu, in ka yi wannan sau wannan ka jera biyu guda bakwai kenan, 2^7. Dokar a^m × a^n = a^(m+n) kenan, ba wani siddabaru. In rabawa ce sai na sama da na ƙasa su kashe juna, abin da ya rage shi ne m a ɗebe n. In kuma fawa ce bisa fawa, (2^3)^4, jeri huɗu ne kowanne mai uku, sha biyu kenan. Inda ake tirjewa shi ne fawa sifili, yaro ya ce Malam ya za a yi abu mai fawa sifili ya zama 1 ba sifili ba, malam in ya gaji sai ya ce doka ce ka haddace. Alhali da za a sauko mataki-mataki da yaron da kanshi zai faɗa, 2^3 takwas, 2^2 huɗu, 2^1 biyu, kowane taku ana raba biyu, to na gaba mi ne ne in ba 1 ba? Ci gaba da sauka, 2^-1 rabi ne, 2^-2 kwata. Kaga mainos ɗin da ke sama bai maida amsa mainos ba, baya ya koma da kai a lokaci, wato kafin abin ya kai ɗaya nawa yake. Fawa rabi ma haka, 9^(1/2) sau 9^(1/2) dole ya ba da 9^1, lambar da za ta yi sau kanta ta ba da tara kau 3 ce, sikwaya rut kenan. Wannan na da amfani a waje da aji fa. In buhun masara ya ninka kuɗi cikin shekara a kan tafiya ɗaya, a wata shida ba sau 1.5 ya kai ba, sau 1.414 ne, don 1.414 sau 1.414 ne ke ba da 2, shi 1.5 sau 1.5 ya zarce zuwa 2.25.

Giraf ɗin y = a^x hali ɗaya gare shi ko wane bes ka sa. Dole ya ratsa ta 1 a inda x yake sifili. Ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, ba ya ma taɓa sifilin, ta gefen hagu zaka ga yana ta kwantawa yana matsar layin ƙasa amma ba za su haɗu ba har abada, don duk yadda ka yi ta raba abu biyu akwai saura, wannan layin da ake matsa ba a taɓawa shi ake kira asimtot. Kuma ba ya hawa ya dawo, ko dai yana hawa kullum ko yana sauka kullum, shi ya sa in aka ce 2^x = 2^5 kai tsaye zaka ce x = 5 ba fargaba. Abin da ke raba mai hawa da mai sauka shi ne ko bes ɗin ya haura 1 ko bai kai ba. Mutanen Daura ba su manta Afrilun 2020 ba, lokacin da korona ta fara ɓulla a jihar nan ta can aka kulle garin. Lissafin da ke bayan kullen, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, na bes ne. In kowane mai cuta na sa ma mutum 2, bayan zagaye goma mutum ɗaya ya zama 1,024 sababbi. In aka rage cuɗanya ya zama mutum goma na sa ma tara, bes 0.9 kenan, bayan zagaye goma mutum ɗari sun koma kusan 35. Tsakanin annoba da mutuwar annoba lambar nan ce ta tsallaka 1 ko ta kasa.

An hana bes ya zama 1 don 1 sau 1 ko sau dubu 1 ne, ba abin da ke faruwa. An hana mainos kuma don (-4)^(1/2) ba shi da amsa cikin lambobin da muka sani. Shi ke nan dalilin a > 0 da a ≠ 1 da ake rubutawa gefen allo.

Ninki ba sai biyu ba, nan ne ma abin ya fi shafarmu. Duk abin da aka ce yana ƙaruwa da kashi kaza cikin ɗari duk shekara eksponenshiyal ne ya sake riga. Kashi 3 na nufin sau 1.03, kashi 30 sau 1.3. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kusan miliyan 3.75, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8, an san dai ana gardama kan ƙidayar Najeriya amma su ne alƙaluman da ke hannu, in ka lissafa ƙarin ya kama kusan kashi 3 a shekara. Kashi 3 a kunne ba komi ba ne. Amma 1.03 in ya yi ta sau kanshi, cikin shekara 23 zuwa 24 ya zama 2. Ma'ana kafin jaririn da aka haifa shekarar ƙidaya ya gama hidimar ƙasa jama'a sun kusa ninkawa, kenan ajujuwa da gadajen asibiti da ruwan da ake turowa daga dam ɗin Ajiwa duk sai sun ninka, ba don a ci gaba ba, don dai a tsaya inda ake. Shekara 24 na gaba kuma su sake ninkawa, sau huɗu kenan ba sau uku ba. Lokacin ninkawa ba ya canzawa ko abu ƙarami ne ko babba, daga miliyan 1 zuwa 2 da daga miliyan 10 zuwa 20 shekaru ɗaya ne, kuma wannan shi ne babban tambarin eksponenshiyal, saurin ƙaruwarshi gwargwadon girmanshi yake.

Hauhawar farashi ma haka. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8. In ta zauna a kashi 30 shekara uku a jere ba kashi 90 aka ƙara ba, 1.3 sau 1.3 sau 1.3 ne, 2.197, kaya sun wuce ninki biyu. Shi ya sa kuma in aka ce a rediyo hauhawar farashi ta sauka daga 30 zuwa 20 mutane su je kasuwa su dawo suna cewa ƙarya ake yi, tiya ba ta sauka ba. Ba lalle ƙarya ba ce, bes ne ya sauka daga 1.3 zuwa 1.2, har yanzu yana sama da 1, hawa ake yi dai ba da saurin da ba.

To ta ya na san shekara 23 ne? Nan log ya shigo. Tambayar ta juya kenan, da ana ba ka sau nawa ka nemo inda aka kai, yanzu an ba ka inda aka kai ka nemo sau nawa. Kamar hanyar Katsina zuwa Daura ce, mai tafiya da mai dawowa kwalta ɗaya suke bi duk ta Mashi, fuskar mota ce kawai ta bambanta. 2^3 = 8 tafiya ce, log na 8 a bes 2 = 3 dawowa ce. Log na 1,000 a bes 10 uku ne don goma uku ka jera. In ba a rubuta bes ba a makaranta 10 ake nufi. Da zarar ka ɗauki log a matsayin fawar da ake nema, sauran halayen duk sai su zo da kansu. Log 1 sifili ne a kowane bes, don ba a ninka ko sau ɗaya ba. Log na bes ɗin kanshi 1 ne. Log na lamba mai ƙasa da 1 mainos ne, log 0.01 = -2, baya aka koma taku biyu. Log na sifili ko na mainos kau babu shi, in ka danna a kalkuleta kuskure za ta nuna maka, ba lalacewa ta yi ba, tunda mun ce eksponenshiyal ba ya taɓa sauka can to ba hanyar dawowa daga inda ba a je ba. Giraf ɗinshi ma na eksponenshiyal ne aka kifa bisa layin y = x, ya ratsa ta 1 a layin kwance, yana hawa kullum amma da nawa ta ban mamaki, daga 10 zuwa miliyan 1 log ya tashi daga 1 zuwa 6 ne kawai.

Wannan nawar ce ke sa kwamfuta da waya su nemo abu nan take. Ka riƙe lamba a zuciya tsakanin 1 da miliyan 1, da tambaya 20 ta e ko a'a zan kamo ta, kowace tambaya na yanke rabi, don 2^20 ya wuce miliyan. In mutum miliyan 200 ne a jere tambaya 28 ta isa.

Dokokin log kuma na indisis ne aka karanto daga baya. Tunda in ana sau fawa tarawa ake yi, kuma log fawa ne, to log(ab) = log a + log b. Rabawa ta koma ɗebewa. Fawa ta sauko gaba ta zama sau, log(a^n) = n log a, kuma wannan ta ƙarshen ita ce mabuɗi don ita ke sauko da x daga sama inda hannu bai kai ba. 1.03^n = 2, ɗauki log ɗin kowane gefe, n sau 0.01284 = 0.3010, raba, n ya fito 23.4. Inda na samo shekarun kenan.

Ɗiyar yayata da ke shirin WAEC ta kawo mani littafinta wani dare, ta rubuta log(10 + 10) = log 10 + log 10, malami ya ja mata jan biro, ita kuma ta dage ai buɗe baka ta yi yadda aka koya masu a aljabra. Na ce mata log 10 nawa ne, ta ce 1. Na ce to tara su, ta ce 2. Na ce wace lamba ce log ɗinta 2, ta yi shiru tana taunar biro sannan ta ce 100. Na ce goma da goma ɗari ne? Ta yi dariya ta ce "Kawu, to ai ashirin ne." Ta danna log 20 a waya ta ga 1.3010, sai ta ce "au, kenan tarawar waje sau ce a ciki." Na ce rubuta wannan da hannunki a gefen shafi. Log ba lamba ba ce da ake sau ɗin baka da ita, kuma log(a + b) ba shi da wata doka ko kaɗan, a bar shi yadda yake. Wannan kuskuren da na ɗaukar log a ÷ log b a matsayin log(a ÷ b) su ke cinye makin yara fiye da komi.

Shi log a ÷ log b aikinshi daban, shi ne canjin bes. Ƙaramar kalkuleta log da ln (wani log ne mai nashi bes, zai zo gaba) kawai gare ta, in kana son log na 1,000 a bes 2 sai ka raba log 1,000 da log 2, wato 3 ÷ 0.3010, ya ba ka 9.97. Ninki biyu sau goma kusan sau dubu kenan, abin da ya sa 'yan kwamfuta ke ƙirga 1,024 a inda mu muke cewa dubu.

Abin mamaki, wanda ya ƙirƙiro log ba wannan tambayar ta dame shi ba. John Napier ɗan Sikotland ya fitar da shi a 1614 bayan aikin kusan shekara 20, don ya sauƙaƙa ma masu lissafin taurari da matuƙan jirgin ruwa da ke kwana suna sau ɗin lambobi masu tsawo da hannu. Henry Briggs ya taso daga Landan ya je ya same shi, suka yarda a maida abin kan 10, a 1624 Briggs ya buga teburin da ya kai lamba 14 bayan ɗigo, duk da hannu. Fo-figa tebur ɗin nan da ake sa yara saye jikan wancan ne. Ga yadda yake aiki ga wanda ya manta. Kana son 37.5 sau 8.24. Ka buɗe shafin log ka bi layin 37 zuwa ƙarƙashin 5 ka ga 5740, tunda 37.5 lamba biyu gare ta kafin ɗigo karaktaristik ɗinta, wato lambar da ke zuwa kafin ɗigo a log ɗin, 1 ne, 1.5740 kenan. Na 8.24 kuma 0.9159. Ka tara, 2.4899. Ka juya shafin antilog, wanda ke maido da log zuwa lambar asali, layin .48 ƙarƙashin 9 ka ga 3083, ka ƙara difirens na 9 wato 6, 3089, 2 ɗin da ke gaba ya ce lamba uku kafin ɗigo, amsa 308.9. Amsar gaskiya 309 ce cif, ɗan gibin nan kuɗin lamba huɗu ne da ka tsaya a kai. Ba ka yi sau ko ɗaya ba, tarawa kawai ka yi. Sai kuma bar ɗin nan mai ruɗa yara, log 0.05 a tebur bar 2.6990 ne, kalkuleta kuma ta ce -1.3010, yaro ya ɗauka ɗaya ta yi ƙarya, alhali bar 2.6990 na nufin -2 a tara da 0.6990, abu ɗaya ne.

Injiniyoyi sun yi fiye da shekara 300 suna aiki da tebur da wata rula mai zamewa da aka gina kan log, sai da kalkuletar aljihu ta kimiyya ta fito a 1972 sannan aka ajiye su. Ra'ayina, a nuna ma yara tebur sau ɗaya ko biyu don su ga sau ya koma tarawa da idonsu, amma makonnin da ake kashewa kan bar da mantisa (lambobin bayan ɗigo a log) gara a kashe su kan tambayoyi irin wannan: mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, litar fetur kuma daga 145 zuwa sama da 1,000 a tsakanin shekarun nan, kowanne kashi nawa ne a shekara? Log na 70 ÷ 30 shi ne 0.3680, raba biyar 0.0736, antilog 1.185, kashi 18 da rabi kenan. Na fetur 0.8386, raba biyar 0.1677, antilog 1.47, kashi 47. Yaron da ya fitar da wannan da hannunshi ba zai sake tambayar amfanin log ba.

Sai ln da e, lambar nan 2.718 da ke fitowa kamar daga sama. Jacob Bernoulli ɗan Siwizalan ya ci karo da ita a 1683 yana lissafin kuɗin ruwa, mu dai addini ya hana mu cin riba amma bai hana mu gane lissafinta ba, wanda ya gane ma shi ya fi tsoronta. A ce naira 1 da ruwa kashi 100 a shekara, ƙarshen shekara 2. In ana lissafawa duk wata shida ana ɗora ruwa bisa ruwa 2.25, duk wata 2.613, kullum 2.7146, duk daƙiƙa ma ba za ta wuce 2.71828 da 'yan kai ba. Wannan iyakar ita ce e, kuma Leonhard Euler ne ya sa mata harafin, shi ne kuma a 1748 ya shimfiɗa log a matsayin kishiyar eksponenshiyal yadda muke koyarwa yau. Zamani ɗaya suka yi fa da namu Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rubuta littafi da Larabci kan murabba'an lambobi, irin hatimin nan da ko ta wane layi ka tara amsa ɗaya ce, a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, shi ba log ya yi ba amma ya kamata yaran garin nan su san an yi lissafi mai zurfi nan tun kafin Kwalejin Katsina. Abin da ya sa masana suka fi son e shi ne a giraf ɗin e^x saurin hawa a kowane wuri daidai yake da tsayin wurin, ba ƙari ba ragi, don haka a kalkulos, lissafin saurin canji, komi ke zuwa da sauƙi. Ln log ne mai bes e. Ln 2 = 0.693, daga nan aka samo dabarar 70, raba 70 da kashin ƙaruwa ka samu lokacin ninkawa, kashi 3 shekara 23, kashi 10 shekara 7. Ga ƙananan kaso take aiki, a kashi 34 za ta ce maka shekara 2 alhali amsar ta kusa 2.4.

Mai sauka ma na da nashi lokacin, na komawa rabi. Farasitamol a jikin baligi mai lafiya duk awa biyu zuwa uku rabin abin da ke jini ke fita, shi ya sa ake sha bayan 'yan awoyi ba a haɗiye na kwana duka lokaci ɗaya. Kabon-14, wani sinadari da ke jikin itace da ƙashi wanda ke raguwa bayan sun mutu, shi kuma shekara 5,730 yake yi kafin ya koma rabi. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a inda yanzu yake Jihar Yobe, da wannan awon aka gano ya kai kusan shekara 8,000. Lissafin a sauƙaƙe: itacen da kashi 38 kawai na kabon ɗinshi ya saura, 0.5^n = 0.38, log ya ba ka n = 1.4, sau 5,730 ya kama dubu takwas.

Akwai ma'aunai da dama da log ne a ɓoye, an yi haka don lambobin sun yi nisa da juna da yawa. Girgizar ƙasar Turkiyya ta Fabrairun 2023 maki 7.8 ce, ta Maroko a Satumban shekarar 6.8, a ido maki ɗaya ne tsakani amma a ƙarfin da ya fito kusan sau 32 ne. Awon tsamin ƙasa da malaman gona ke yi, pH, ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma. Ƙara ma haka, janareta mai desibel (ma'aunin ƙara) 70 in maƙwabcinka ya kunna irinta kusa da ita ba 140 za a samu ba, 73 ne, don ninki biyu ƙarin 10 sau log 2 ne kawai, wato 3. Sai janareta goma sannan a kai 80.

In kana son gane ko lambobin da ke gabanka ninki ne ko ƙari, kada ka ɗebe, raba na gaba da na baya. 100, 130, 160, 190 ƙari ne, 30 kullum. 100, 130, 169, 220 ninki ne, 1.3 kullum. Ko ka ɗauki log ɗinsu ka zana, in layi ya fito miƙe sambal eksponenshiyal ne, in ya fara lanƙwasa ƙasa to ninkin ya fara gajiya. Kuma dole ya gaji, a takarda ne kawai a^x ke tafiya har abada, a duniya abinci ko fili ko mutane ko kuɗi sai ɗaya ya ƙare. Masu tsarin kawo mutum biyar kowanne ya kawo biyar a nan suke karyewa, 5^10 ya kusa miliyan 10, 5^12 kuma 244,140,625 ne, ya wuce 'yan Najeriya har da jarirai. Tsarin zuba kuɗin nan na MMM ta yi ma mutane alƙawarin kashi 30 duk wata, wato 1.3^12, sau 23 a shekara. Naira 10,000 ta zama kusan 233,000 a shekara ɗaya, miliyan 5.4 a biyu, miliyan 126 a uku, a shekara biyar ta haura biliyan 68, daga mutum ɗaya kenan mai dubu goma. Kusan shekara ɗaya da shigowarta Najeriya, a Disamban 2016, ta kulle asusun mutane.